Ƙaiƙayi: Kalmar da ta Taso daga Masussuka ta Shigo Ɗakin Uwargida

 

Yau kalma ɗaya na kawo miki, wadda nake da yaƙinin kin furta ta a cikin makon nan, ko a kan ɗanki ko a kan kanki: ƙaiƙayi. Mu a nan ƙasar Kabi da Sakkwato "ƙaiƙai" muke cewa, mu datse mata wutsiya. A ɗakin duba marasa lafiya, in aka ɗauke zazzaɓi da tari da gudawa, ba na jin akwai kalmar da ta kai ta yawan fitowa daga bakin iyaye mata. Sai dai asalinta 'yar gona ce, kuma sanin gidan da ta fito zai taimake ki ranar da yaro ya kwana yana susa.

Idan ke 'yar birni ce, kin saba aika yaro ya auno miki gero tiya biyu a gyare tas, bari in kai ki Gwandu, garin Malam Abdullahi ƙanen Shehu Usmanu, a ƙarshen damina. Gero ake fara yankewa, wajen Satumba zuwa Oktoba, dawa ta biyo baya da shigowar sanyi. A ɗaura dammuna a jibge a rumbu. Duk ranar da za a ci ko za a kai kasuwa, sai a zaro dami a kai wani fili da aka share a bayan gida, shi ne masussuka. A kakkarya zangarniya a zuba a turmi, mata biyu ko uku su sa taɓarya har ƙwayar ta rabu da jikinta. Wannan ita ce sussuka. Daga nan sai sheƙa: mace ta duba inda iska ta dosa, ta ɗaga ƙwarya sama da kafaɗarta, ta riƙa tsiyayowa a hankali cikin wata ƙwaryar da ke ƙasa. Tsaba tana da nauyi, sai ta faɗa inda ake so. Abin da iska ta kwashe ta watsar gefe, wato ɓawon da ya lulluɓe kowace ƙwaya da 'yan gashi-gashi masu tsini da ƙura, shi ne ƙaiƙayi.

Kada ki haɗa shi da dusa. Dusa sai an jiƙa tsabar an yi surfe take fita, tana da laushi, akuya da kaza suna rububinta. Na shinkafa kuma sunansa daban, buntu. Mutanen Kalgo, da ke bakin fadama kusa da Birnin Kebbi, sun fi kowa sanin wannan, musamman tun da noman rani ya bunƙasa bayan shirin bai wa manoman shinkafa rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Casar shinkafar rani tana faɗowa ne a tsakiyar zafin Afrilu da Mayu, ga gumi ga ƙura, abin ba a cewa komai.

Duk macen da ta taɓa yin sheƙa ta san abin da ke biyo baya. Ƙaiƙayin ya shiga wuyan riga, ya maƙale a gwiwar hannu da ƙasan zane, ya haɗu da gumi. Tsinin nan ƙanana su riƙa sukar fata, jiki ya ɗauki susa tun daga ƙeya har idon sawu, kuma ba ya lafawa sai an yi wanka an canja kaya. To a nan Bahaushe ya yi abin da ya burge ni: sunan abin da ya hau jikin da sunan abin da jikin ya ji, ya bar su ɗaya. In kin buɗa ƙamus, tun daga na G. P. Bargery da aka buga a 1934, za ki tarar da ma'anonin biyu a ƙarƙashin kalma guda. Larabci da Turanci kowanne ya raba su, sunan ɓawon hatsi daban, sunan abin da ke sa susa daban. Mu kuwa da yake gero ne abincinmu tun kaka da kakanni, ba mu da misalin da ya fi wannan kusa.

Ki saurari kalmar ma a bakinki: ƙai-ƙai. Gaɓa ɗaya ce aka ninka, kamar yadda abin kansa yake tafiya ya dawo. Ina lura da irin wannan ninki a sunayen ƙananan abubuwa masu yawa da naci, kamar kwarkwata da ƙyanƙyaso da ƙurarraji.

Daga masussuka kalmar ta bazu cikin zance. Wadda ba ta iya riƙe sirri a ce bakinta na ƙaiƙayi. Wanda aka faɗa wa daidai abin da yake son ji, an sosa masa inda yake yi masa ƙaiƙayi. Magana mai ciwo ta sosa rai, mai jin kunya ya sosa ƙeya. Uwa uba karin maganar da kowa ya sani, "ƙaiƙayi koma kan masheƙiya." Yawancinmu a rikicin kishiyoyi ko na siyasa muka fara jin ta, da ma'anar mugun nufi ya koma kan mai shi. Amma hoton da ke ciki na gaske ne: kina tsaka da sheƙa iska ta juya, abin da kika watsar ya dawo miki a fuska da ido. Ki riƙe wannan hoton, za mu buƙace shi nan gaba kaɗan.

Inda kalmar take yi mana wayo

"Malama, yaron ga ƙaiƙai ya hana mai kwana." Kusan haka kowace uwa take buɗe magana. In na tambaya me aka yi masa, amsar ba ta wuce uku: an yi masa wanka da ruwan zafi, an ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wankan, an sayo man shafawa a kemis. Duka ukun maganin ƙaiƙayin masussuka ne, wato abu ya hau fata daga waje, a wanke shi a huta. A ganina sunan ne ya koya mana wannan tunanin ba tare da mun ankara ba.

Wani lokacin kuwa daidai ne. Yaron da ya yi birgima a kan tarin ƙaiƙayin gero ko buntu, wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙarfi, a canja masa kaya, a shafa masa man kaɗe, ya wadatar. Haka bushewar fata ta hunturu, wadda ruwa mai tsananin zafi da sabulu mai ƙarfi suke ƙara tsanantawa. Roƙona ɗaya ga masu sheƙa: a sauke goyo. Jaririn da ke bayanki yana shaƙar ƙurar da kike kawar da fuskarki daga gare ta, ga tari ga jan ido, in kuma yana da asma abin ya tashi. A ba wa yayarsa shi, su zauna ta gefen da iska ke fitowa.

Amma akwai ƙaiƙayin da ko kogin Rima kika juye wa yaro ba zai fita ba, domin mai rai ne. Shi ne ƙazuwa, ko ƙazwa a bakin mutanenmu.

Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, wanda bai kai rabin milimita ba, ido ba ya ganinsa sai da na'ura. Macen takan haƙa rami a saman fata ta shige, tana saka ƙwai 2 zuwa 3 a kullum, su ƙyanƙyashe cikin kwana 3 zuwa 4. Abin mamaki, ƙwarin da ke jikin mutum ɗaya yawanci ba sa wuce 10 zuwa 15. Duk wannan azabar susa, jiki ne ke faɗa da ƙwaron da ƙwansa da kashinsa. Tun a 1687 wasu mutum biyu a Italiya, Giovanni Cosimo Bonomo da Diacinto Cestoni, suka ciro shi daga fatar marasa lafiya suka duba shi da gilashin ƙara girma suka bayyana cewa shi ne sanadi. Turawa ma daga kalmar Latin mai nufin "sosa" suka samo sunan cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci mutum fiye da miliyan 200 ne ke ɗauke da ita, kuma a 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Yaya za ki gane ta? Da dare take tashi, da zarar an shiga bargo jiki ya ɗumama. Tana son tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, cibiya, ƙugu inda zariya take zama, ɗuwawu, da gaban yara maza. A jarirai takan fito har tafin hannu da tafin ƙafa da kai. Alamar da ta fi kowace ƙarfi kuwa ita ce ba mutum ɗaya ke susa a gidan ba. Ki tambayi kanki: wa ya dawo hutu daga makarantar kwana ko tsangaya? Wa ya zo baƙunta ya kwana da yara a tabarma ɗaya? Ki koma baya sosai, domin wanda ya fara kamuwa yakan yi mako 4 zuwa 6 kafin ya ji komai, kuma duk tsawon lokacin nan yana rabawa.

Ga inda karin maganarmu ta dawo. Uwa ta kawo yaro ɗaya, wanda ya fi kuka, a yi masa magani ya warke, ya koma shimfiɗa ɗaya da ƙannensa uku da ba a taɓa ba. Bayan wata guda ga shi an sake kawo shi, uwar ma yanzu tana sosa wuyan hannu a ƙarƙashin hijabi. Ƙazuwa ba a yi mata magani ɗaiɗai. Kowa da ke kwana a ɗakin, da mai susa da wanda bai fara ba, har maigida, dare ɗaya za a shafa wa. A gidan da ake da ɗakuna biyu ko uku kuma yara suna cuɗanya, dole ki ajiye kishi ki yi magana da abokiyar zamanki, in ba haka ba ku yi ta miƙa wa juna har damina ta zagayo.

Na san abin da ke hana maganar. Ƙazuwa da ƙazanta sun yi kama a kunne, sai mace ta ji kamar an zage ta. Ƙwaron nan babu ruwansa da sau nawa kike wanka. Cunkoso da haɗa jiki da shimfiɗa yake bi, kuma na gan shi a gidajen da tsakar ɗakinsu ya fi farantin wasu tsabta.

Magungunan da aka sani su ne permethrin na kashi 5 cikin 100, da benzyl benzoate, farin ruwan nan mai raɗaɗi, da man farar wuta. Na bar sunayen yadda za ki gan su a jikin kwalba. Ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa miki, saboda benzyl benzoate sai an sirka shi ga yara, jarirai da masu ciki kuma da nasu tsarin. Akwai na sha, ivermectin, amma ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗiɗɗiga maganin a kan ƙuraje kawai. Duk jiki ake shafewa daga wuya zuwa tafin ƙafa, har ƙarƙashin farce da tsakanin yatsu, ga jarirai har fatar kai, a kiyaye ido da baki. Permethrin yakan kwana a jiki, a wanke da safe, a maimaita bayan kwana 7. Washegari a wanke zannuwan gado da kayan sawa da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa, kamar bargo mai nauyi, a ƙulle shi a babbar leda aƙalla kwana 3, domin ƙwaron ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 in ba a jikin mutum ba. Kuma kada ki tsorata in susar ta ci gaba har mako 2 zuwa 4 bayan magani. Jiki ne bai gama hucewa ba. Sababbin ƙuraje ne alamar a koma asibiti.

Me ya sa na zafafa a kan cutar da kakanninmu suke ɗauka abin dariya? Saboda farce. Yaro ya sosa har fata ta yage, ƙwayoyin cuta su shiga, wurin ya yi ruwa ya yi mugunya. Wani nau'in waɗannan ƙwayoyin yana iya taɓa ƙoda bayan 'yan makonni. In kin ga yaron da ya yi fama da ƙuraje masu mugunya ya tashi da kumburin fuska da safe, fitsarinsa ya ragu ko ya koma kalar baƙin shayi, wannan ba na jira ba ne, ranar za a kai shi.

Susa kanta yaudara ce. Tun a 1660 wani likita Bajamushe, Samuel Hafenreffer, ya bayyana ƙaiƙayi da cewa wani ji ne marar daɗi da ke kiran a sosa, kuma har yau likitoci ba su sami bayanin da ya fi wannan ba. Daɗin da kike ji in kin sosa, ɗan zafin farce ne ya danne saƙon ƙaiƙayin na ɗan lokaci. Da ya wuce, fatar da aka tayar sai ta ƙara kiran wata susar. Cewa yaro "daina susa" ɓata baki ne. Ki yanke masa farce, ki ɗora masa tsumma mai ruwan sanyi a wurin, jariri kuma a sa masa safa a hannu da dare.

Sai man shafawar nan mai haɗi uku da ake miƙo wa kowa a kemis da zarar ya ce ƙaiƙayi. Ki juya kwalin ki karanta. In kin ga betamethasone ko clobetasol, to akwai sinadarin sitiroyid mai ƙarfi a ciki. Yana kwantar da susa cikin kwana biyu, shi ya sa ake yabonsa, amma ba ya kashe ƙwaron ƙazuwa, makenkero kuma ƙara faɗi yake yi a ƙarƙashinsa. In aka daɗe ana shafawa fata ta yi siriri ta yi haske, fatar jariri kuma tana tsotse shi ya shiga jini, musamman a ƙarƙashin kunzugu. Yana da ranarsa, amma likita ne ke faɗar ranar da adadin kwanakin.

Akwai wasu da zan ratsa da sauri. Yaron da ke sosa dubura da dare, kafin ki ce basir, ki haska wurin da fitilar wayarki bayan ya yi barcin awa biyu. Sau da yawa za ki ga farar tsutsa siririya kamar guntun zare ta fito saka ƙwai. Ita ma duk gida ake ba magani, a maimaita bayan mako 2. Yaran Kalgo da sauran garuruwan fadama da ke wanka a kududdufi ko taya aikin shinkafa cikin ruwa, in sun fito suna sosa ƙafafu, ki sa ido a kan fitsarinsu a watannin da ke tafe. Jini a ƙarshen fitsari tsargiya ce, kuma tana da magani, praziquantel. Ƙaiƙayin gaba da ke tafiya yana dawowa duk da magani, kada ki tsaya a kan "ciwon sanyi", ki nemi a gwada miki suga. Iyayenmu kuma suna iya ba ki labarin ƙaiƙayin kulorokwin, wanda ke hana mutum barci kwana biyu ba ƙurji ko ɗaya a jikinsa. Tun 2005 Najeriya ta sauya shi a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, amma ya isa shaida cewa ƙaiƙayi yana iya tasowa daga cikin jini.

Tafin hannun mai ciki

A camfinmu, in tafin hannu yana ƙaiƙayi kuɗi ne ke tafe. Ki yi dariyarki ki ce Allah ya sa, ba laifi. Amma in kina da ciki, musamman daga wata 7 zuwa sama, ki ajiye camfin.

Yawancin masu ciki suna sosa fatar ciki saboda tana miƙewa tana bushewa, wannan man kaɗe ya ishe shi. Wanda nake nufi daban ne. Yana kama tafin hannu da tafin ƙafa, yana tsananta da dare har ki riƙa goga ƙafa a bango ko ki tsoma ta a ruwa, kuma in an duba fatar babu ƙurji sai sawun farcenki. Wani lokaci fitsari ya yi duhu, ko ido ya ɗan yi rawaya kamar na shawara. Abin da ke faruwa shi ne ruwan maɗaciya da hanta ke fitarwa ba ya gudana yadda ya kamata saboda sinadaran ciki, sai ya taru a jini. Ke uwa, yawanci wahalar susa ce, kuma tana gushewa bayan haihuwa, ko da yake takan dawo a wani cikin. Haɗarin yana kan ɗan da ke ciki: haihuwa kafin lokaci, in abin ya yi tsanani kuma har a rasa shi a ciki. Babu sabulu ko man shafawa ko jiƙon da ke kai wa nan.

Kada ki jira ranar awonki ta zagayo. In asibitin garinku ba ya gwajin hanta, ki nemi a tura ki babba, irin babban asibitin da ke Kalgo ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi. In kin shiga, kada ki ce "ƙaiƙayi nake ji" ki yi shiru, domin a layin da mata hamsin ke jira, wannan kalmar ita kaɗai tana iya sa a rubuta miki man shafawa a kira ta gaba. Ki ce: "Cikina wata takwas, tafin hannuna da na ƙafata ke ƙaiƙayi, da dare ya fi tsanani, kuma babu ƙurji." Za a ɗebi jininki, a riƙa bibiyar ku ke da jaririn, a wasu lokutan likita ya sa ranar haihuwa kafin wata tara ya cika. Kafin sakamakon ya fito, ki lura da motsin ɗanki. In ya ragu daga yadda kika saba, ko tsakar dare ne, a tashi mai mota.